Kwana Uku a Duwatsun Dolomiti: Yadda Ake Tsara Tafiyar Ƙafa Daga Masauki Zuwa Masauki

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu uku ne, muna karatu a arewacin Italiya, kuma muna sa ran hutun kwana huɗu ko biyar a watan Yuli. Muna jin labarin masu ratsa duwatsu da ƙafa, suna kwana a masaukan da aka gina can sama, yau nan gobe can. Ba mu taɓa yi ba, amma lafiyarmu ƙalau, muna buga ƙwallo duk mako. Wace hanya ta dace da mu, ta ina ake fara shiri, kuma me za mu ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yan'uwa. Tunda kuna arewacin Italiya, kada ku je da nisa. Ku ɗauki kashin farko na hanyar Alta Via 1 a duwatsun Dolomiti, daga tafkin Braies zuwa mashigin Falzarego. Hanyar gaba ɗaya ta kai kusan kilomita 120, tana gangarawa kudu har wajen Belluno, ana cin kwana takwas zuwa goma a kanta. Kashin da nake ba ku kwana uku ne da wuni huɗu, babu inda ake buƙatar igiya ko ƙugiya, akwai alama a ko'ina, kuma kowace rana tana da ƙofar fita idan abu ya cije. Wannan na ƙarshen shi ne babban dalilin da ya sa na zaɓa muku ita.

Shiri yana farawa daga gado. Yawancin sababbi sukan zana hanya a taswira, su sayi tikitin jirgin ƙasa, sannan su waiwayi wurin kwana, sai su tarar babu. Masaukan nan ƙanana ne, kowanne gadajensa ba su wuce 'yan gomomi ba, ga shi duniya duka ta san wannan hanya. Kafa tanti haramun ne a gandun Fanes-Sennes-Braies da za ku ratsa, ana cin tara a kai, don haka wanda bai da gado bai da tafiya. Masaukai da yawa suna buɗe karɓar sunaye tun ƙarshen shekarar da ta gabata, kuma gadajen Yuli da Agusta sukan ƙare watanni kafin lokaci. Dabarar ita ce ku fara da wanda ya fi wuyar samu, wato Rifugio Lagazuoi, inda za ku yi daren ƙarshe. Duk ranar da kuka samu a can, ita ce za ta zama ginshiƙi, sai ku ƙirga baya ku nemi dare na biyu da na farko. Idan kuna da halin fara tafiya Litinin ko Talata, kun fi masu Juma'a da Asabar sa'a nesa ba kusa ba. Makon 15 ga Agusta kuwa, lokacin hutun Ferragosto, ku manta da shi.

Dare na farko kuna da zaɓi uku a jere: Biella, Sennes, ko Fodara Vedla. Dare na biyu akwai Fanes da Lavarella, waɗanda tsakaninsu 'yan mintuna ne. Idan Lagazuoi ya cika fam, tafiya ba ta lalace ba: ku hau ku ga wurin, ku sauka da motar igiya, wato wadda ke tafiya rataye a jikin waya, zuwa Falzarego, ku kwana a Col Gallina ko Valparola, ko ku wuce Cortina a bas. Sai dai ku binciki lokacin tashin motar igiya ta ƙarshe, don da yamma take rufewa, ba ta jiran kowa. Kowane masauki da tsarinsa, wani ta shafin intanet, wani ta imel, kuma galibi sai an ba da kafin alƙalami. Ku karanta sharaɗin fasawa kafin ku tura kuɗi. Ku nemi abin da suke kira mezza pensione, wato gado da abincin dare da karin kumallo. Ku yi kasafin Yuro 70 zuwa 100 ga mutum ɗaya a kowane dare, ban da ruwan sha, wanka da abincin rana. Za ku ji ana cewa katin ƙungiyar masu hawan dutse ta Italiya, CAI, yana rage kuɗin kwana. Gaskiya ne, amma a masaukan ƙungiyar kaɗai. A wannan kashi Biella ne nata, sauran na iyalai ne masu zaman kansu, ragin bai shafe su ba.

Ku faɗa musu abu biyu tun a saƙon farko. Na ɗaya abinci, zan dawo kansa. Na biyu ɗaki: babban ɗakin kwana na haɗaka ne, maza da mata, gado a saman gado. Idan da mace a cikinku, ko hakan bai kwanta muku ba, ku nemi ƙaramin ɗaki na mutum uku ko huɗu. Ya fi tsada kuma shi ke fara ƙarewa.

Yanzu lissafin tafiya, wanda a nan ne 'yan ƙwallo suka fi cin ƙasa. A fili kilomita goma ba komai ba ce gare ku. A dutse ba nisa ake ƙirgawa da farko ba, hawa ake ƙirgawa. Ƙungiyoyin masu hawan dutse na Jamus da Ostiriya suna da ma'auni mai sauƙi: a awa ɗaya mutum yana hawan mita 300, ko saukar mita 500, ko tafiyar kilomita 4 a miƙe. Sai ka fitar da lokacin hawa da sauka a gefe guda, lokacin nisa a ɗaya gefen, ka raba ƙaramin biyu, ka haɗa da babban. Ɗauki tafkin Braies zuwa Biella: kusan kilomita 6, hawa kusan mita 900. Hawa ya ba da awa uku, nisa ya ba da awa ɗaya da rabi, rabinsa minti 45. Jimilla awa uku da minti 45. Kilomita shida ke nan ta cinye kusan awa huɗu, kuma ba a sa hutu, salla, cin abinci ko ɗaukar hoto ba. Ku ƙara awa ɗaya a kan kowace awa huɗu ko biyar. Lokutan da ke rubuce a allunan hanya su ma ba su haɗa da hutu ba.

Ranar farko: zuwa tafkin ana bin jirgin ƙasa na kwarin Pusteria a sauka a Villabassa ko Dobbiaco, sannan a shiga bas mai lamba 442. A tsakiyar lokacin yawon buɗe ido ana taƙaita shiga kwarin da rana, kuma tikitin bas ɗin sai an saya ta intanet tun kafin lokaci. Mutum yakan iso tasha da jakarsa direba ya ce masa babu. Mafi kyau ku kwana a Dobbiaco ko Villabassa daren da ya gabata, ku bi bas ɗin safe. Tafkin yana kan mita 1,496, wato tun daga bakin farawa kun riga kun ɗara garin Jos tsayi. Za ku ga cunkoson masu hoto a bakin ruwa, kada ya dame ku, rabin awa bayan kun wuce ƙarshen tafkin kun rabu da su. Daga nan hanya mai lamba 1 tana miƙewa sama cikin farar tsakuwa da gajerun itatuwa, sannan ta shiga wani kwarin duwatsu da ake kira Forno, wanda da hantsi yake tara zafi ba iska. Akwai ɗan gajeren wuri da aka kafa wayar ƙarfe a jikin dutse don riƙewa. Ba shi da wahala idan dutsen a bushe yake. Ƙololuwar ranar ita ce mashigin Sora Forno, mita 2,388, Biella kuma yana ƙasa kaɗan, mita 2,327. Idan a Sennes kuka kama gado, ku ƙara awa guda ta gangare mai sauƙi.

Tsakanin Biella da Sennes, ni Sennes zan ce. Biella tsohon gini ne na dutse a wuri mai ƙarancin ruwa, rayuwar cikinsa a taƙaice take. Ga wanda bai taɓa kwana a dutse ba, daren farko mai ruwan wanka da barci mai kyau yana gyara sauran tafiyar. Kusa da Biella akwai hanyar hawa ƙololuwar Croda del Becco, mita 2,810, kuma za ku ga mutane suna yi. Ku bar ta. Ƙafafun da za ku kashe a can kuna buƙatarsu jibi.

Rana ta biyu ita ce mai sauƙi: daga Sennes ku bi ta Fodara Vedla ku gangara Pederü, mita 1,548, sannan ku sake hawan kusan mita 500 zuwa Fanes, mita 2,060. Awa huɗu da ɗan ɗoriya. Abin lura ɗaya ne, gangaren ƙarshe zuwa Pederü titi ne mai tsananin tsaye da lanƙwasa bayan lanƙwasa, tsakuwa a kansa tana mirgina ƙarƙashin takalmi. Gajerun taku, gwiwa a ɗan lanƙwashe, sanduna a gaba. Masu sauka da gudu a nan su ne masu ɗingishi gobe. Pederü kuma ita ce ƙofar fitarku mafi sauƙi, don akwai bas daga nan zuwa San Vigilio. Duk wanda ƙafarsa ko gwiwarsa ta fara magana da gaske, a nan zai yanke shawara, kada ya bari sai ya yi nisa gobe.

Rana ta uku ita ce tafiyar, sauran biyun share fage ne. Kusan kilomita 12, hawa kusan mita 1,100, sauka kusan mita 400. Ku saka a ma'auni: hawa awa uku da minti 40, sauka minti 50, jimilla awa huɗu da rabi, nisa awa uku, rabinsa awa ɗaya da rabi. Awa shida ke nan ta tafiya zalla, bakwai ko bakwai da rabi da hutu. Daga Fanes za ku ɗan hau mashigin Limo, ku wuce ƙaramin tafkinsa, ku shiga faffaɗan makiyayar Fanes Grande mai ciyawa da shanu da rafi. Wurin yana da daɗin tafiya har yakan yaudari mutum ya zauna. Kada ku zauna. Can gaba hanya ta rabu, ta hagu mai lamba 20B ita ce ke hawa zuwa Forcella del Lago, mita 2,486, wata 'yar tsaga tsakanin bangayen dutse biyu. Daga bakinta idan ka leƙa ƙasa sai ka ga kamar babu hanya, ga ɗan koren tafkin Lagazuoi can ƙasa mita 300. Akwai hanya, an gyara ta da katakai tana zarya hagu da dama a cikin tsakuwa. A nan ku ba juna tazara, kada wani ya tsaya daidai ƙarƙashin wani, don dutsen da takalmin na sama ya tunkuɗo kan na ƙasa zai sauka. Idan ya kuɓuce muku ku yi ihu nan take. Bayan tafkin kuma sai hawan ƙarshe, kusan mita 570 a fili fetal, ba inuwa ba ruwa, kana hangen masaukin a bakin dutse tun da nisa amma ya ƙi matsowa. Ku ajiye rabin lita da ɗan dabino musamman don wannan awa biyun.

Idan akwai sauran dusar ƙanƙara a Forcella del Lago, abin da kan faru a Yuni har farkon Yuli a wasu shekarun, ko aka yi hasashen hadari da wuri, kada ku shiga tsagar. Ku miƙe da hanya mai lamba 11 ta Col de Locia ku sauka Capanna Alpina. Daga can ko dai ku hau ta masaukin Scotoni ku koma kan hanya, wanda ya ƙara tsawo da hawa sosai, ko ku fita titi ku shiga bas zuwa Falzarego ku hau da motar igiya. Babu abin kunya a ciki. Wanda zai gaya muku halin da mashigin yake ciki shi ne mai masaukin Fanes ko Lavarella. Ku tambaye shi da dare bayan abinci, don kullum yana jin labari daga bakin waɗanda suka ƙetaro, kuma maganarsa ta fi ta kowace manhaja.

Lagazuoi yana kan mita 2,752, sama da Chappal Waddi, dutse mafi tsayi a Najeriya, da fiye da mita 300. Wurin fagen daga ne a Yaƙin Duniya na Ɗaya: daga 1915 zuwa 1917 sojojin Italiya da na Ostiriya sun haƙa ramuka a cikin dutsen suna dasa wa juna nakiya, kuma za ku ga ragowar ramuka da katakai da waya a hanya. Rana ta huɗu kuna da hanya uku ta sauka mita 650 zuwa Falzarego, mita 2,105. Motar igiya 'yan mintuna ce. Hanyar ƙafa ta waje awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Ta uku ita ce ramin sojojin Italiya, kusan kilomita guda a cikin dutse, duhu ƙirin, matakala masu tsaye da santsin ruwa, rufin a wasu wurare ƙasa-ƙasa. Sai da fitilar goshi da hular kwano da safar hannu, kuma mai ciwon gwiwa ko mai tsoron matsatsen wuri ya haƙura. Daga Falzarego akwai bas zuwa Cortina, daga Cortina kuma zuwa Benis ko Dobbiaco. Kada ku sayi tikitin komawa mai ƙurarren lokaci.

Batun hadari shi ke tsara agogon kowace rana. A Yuli da Agusta safiya takan waye tas, gajimare ya fara taruwa wajen sha ɗaya, tsakanin biyu da biyar na yamma a sako ruwa da tsawa, wani lokaci da ƙanƙara. Dalilin shi ne rana tana gasa bangayen dutse tun safe, iska mai ɗumi da laima ta yi sama ta haɗu da sanyi. Saboda haka ƙa'idar ita ce ku bar masauki bakwai da rabi ko takwas, ku ƙetare wuri mafi tsayi kafin azahar, ku isa kafin uku. Ku haɗa jaka tun dare, ku biya kuɗin masauki tun dare. Ku duba hasashen yankin kansa, na hukumar Arpav ta Veneto da na lardin Bolzano, don hasashen da ke zuwa da waya na garin da ke cikin kwari ne. Idan hadari ya riske ku a waje, ku ƙirga daƙiƙa tsakanin walƙiya da ƙarar tsawa, kowace daƙiƙa uku kilomita ɗaya ce. Ƙasa da daƙiƙa 30 yana nufin kuna cikin hatsari: ku sauka daga ƙololuwa da doron dutse, ku nisanci wayar ƙarfe da itacen da ke tsaye shi kaɗai, ku ajiye sanduna nesa, ku tsuguna kan jaka ƙafafu a haɗe, kowa da tazara. Ga kuma sanyi. Zafi yana raguwa da kusan digiri 6 a kowace mita 1,000, don haka ranar da ake 26 a kwari, a Lagazuoi 16 ne ko ƙasa, ga iska. Bayan ruwa yana iya faɗuwa kusa da sifili ko a tsakiyar Yuli. Jiƙaƙƙen mutum cikin iska a digiri 5 yana iya shiga halin mutuwa.

Wannan ne ya sa kaya ba a yi masu ganganci, amma kuma ba a cika su. Jakar goyo mai lita 30 zuwa 35, mai ɗamarar ƙugu, nauyinta da ruwa kada ya wuce kilo 8. Ku ɗora ta a sikeli a gida. Ba kwa buƙatar bargo, tukunya ko tanti, masauki yana ba da bargo da matashi. Abin da yake wajibi shi ne siririn buhun kwana na yadi, sacco lenzuolo, don ba a wanke barguna kullum. A jiki: riga mai saurin bushewa ko ta ulu, biyu sun isa, ɗaya a jiki ɗaya a jaka. Auduga tana shan gumi ta riƙe, ku tsaya hutu a mashigi ta koma tsumma mai sanyi a bayanku, don haka singileti da wandon jins su zauna gida. Sai rigar ɗumi ɗaya, rigar ruwa ta gaske mai hula, wandon ruwa, hular sanyi da safar hannu marar nauyi. Safa ta ulu ƙafa uku. Duk abin da bai kamata ya jiƙe ba ku zuba a leda a cikin jaka. Sanduna biyu suna rage wa gwiwa aiki sosai a gangare. Tabarau da man kariya daga rana su ma dole ne: baƙar fata tana ƙonewa a wannan tsayi, farin dutsen yana mayar da haske cikin ido, leɓe kuma yana tsagewa kamar a tsakiyar hunturu. Ƙara da fitilar goshi, fawa bank, abin toshe kunne saboda minshari, ƙaramin tawul, silifas, bargon gaggawa na leda mai sheƙi, usur, filasta, bandeji da maganin ciwon jiki.

Takalmi shi ke kore mutane gida fiye da hadari. Ku sayi mai ƙasa mai kauri da zanen riƙo, ku gwada shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ku sa, ku bar wurin yatsa ɗaya a gaba. Matsattsen takalmi a gangaren Pederü yana baƙanta farce har ya fita. Ku yi aƙalla mako uku kuna yawo da shi, ku yanke farce kafin tafiya. A hanya, da zarar kun ji wani wuri yana zafi a dunduniya, ku tsaya ku cire ku manna filasta tun bai yi bororo ba. Minti biyar ne. Atisaye kuma ba gudu a fili ba, hawa bene da sauka da jaka mai kilo 8, rabin awa sau uku a mako na tsawon wata guda, da doguwar tafiya ɗaya ta awa biyar a tudu. Ƙwallo ta ba ku numfashi, amma tsokar cinya da ke taka birki a gangare ba ta san wannan aikin ba.

Ruwa: ku tashi da lita biyu kowace safiya, rana ta uku biyu da rabi. Dutsen yankin mai ramuka ne, ruwan sama yana nutsewa ƙasa nan da nan, shi ya sa za ku yi awanni ba ku ga maɓuɓɓuga ba, kuma a wasu masaukai ruwan famfo an rubuta ba na sha ba ne, sai na kwalba. Rafin makiyaya kada ku sha, shanu na sama da shi. Shanun kansu ku kewaye su da nisa, musamman saniya mai ɗan maraƙi.

Abinci a wannan yanki yana son lura, don naman alade yana ɓuya a inda ba a zato. Speck alade ne mai hayaƙi, yana cikin yawancin dunƙulen burodin da ake kira canederli, yana cikin miyar sha'ir, yana kan soyayyen ƙwai da dankali. Miyar nama kuma sau da yawa da giya ake dafa ta. Mafita mafi sauƙi ita ce tun a saƙon kama gado ku rubuta cewa ba kwa cin nama, vegetariano, sannan idan kun isa ku sake tunatarwa: senza maiale, senza alcol, wato ban da alade, ban da giya. Za ku sami polenta, wato tuwon masara, da cuku da laimar kwaɗi irin wadda ake ci, taliya da tumatur, canederli na cuku ko na alayyafo, da miyar ganye, sai dai ku tambayi romon da aka yi ta da shi. Kayan zaƙi ma ku tambaya, akan jiƙa zabibi a giya. Ana zuba abincin dare sau ɗaya, wajen shida da rabi zuwa bakwai, wanda ya makara ya rasa. Na rana ku sayi burodi da cuku a masauki, ku haɗa da dabino da gyaɗa daga gida. Salla ba ta da wuya: alƙibla tana kudu maso gabas, ku matafiya ne masu rangwamen ƙasaru, kuma waje fili ne. Abin da ke buƙatar dabara shi ne asuba, don a Yuli alfijir yana ketowa tun wajen uku da rabi, mutane na barci. Ku kama gadon ƙasa kusa da ƙofa, ku ajiye rigar ɗumi da fitila a gefe, ku fita a hankali, ƙararrawar waya a kan jijjiga.

Ladubban masauki kaɗan ne. Takalmi yana tsayawa a ɗakin takalma, ba ya hawa bene. Ƙarfe goma ake kashe fitila a yi shiru. Wanka sai an jefa kwabo a inji, ruwan zafin 'yan mintuna. Shararku ku sauko da ita. Ku riƙe tsabar kuɗi, don na'urar kati tana dogara da sabis, sabis kuma yana ɗaukewa. Idan za ku makara ko kun fasa zuwa, ku buga waya, in ba haka ba ana iya tada masu ceto su fita nemanku a banza.

Taswirar takarda ta Tabacco mai ma'auni 1:25,000, lamba 031 da 03, ta ɗauke muku hanyar, ku kuma sauke ta waya don aiki ba intanet. Alamar hanya fenti ne ja da fari a jikin dutse, wani wuri da lamba 1 cikin kusurwa uku. Idan kun yi minti goma ba ku ga fenti ba, ku koma inda kuka ga na ƙarshe, kada ku yanke. Ku sani wuri ɗaya yana iya zuwa da suna uku, na Italiyanci, Jamusanci da Ladin, harshen 'yan asalin yankin: tafkin Braies shi ne Pragser Wildsee, Biella shi ne Seekofelhütte, Dobbiaco shi ne Toblach. Ku bi lambar hanya, ita ba ta canzawa.

Lambar gaggawa 112 ce. Inda babu sabis, alamar neman agaji a duwatsun Alps ita ce busa usur ko haska fitila sau shida a minti ɗaya, a huta minti ɗaya, a maimaita. Amsa sau uku ce a minti. Ku duba inshorarku da idon basira, don wadda ake yi saboda biza ko takardar zama galibi ta asibiti ce, ba lallai ta ɗauki ceto a dutse ba. A waɗannan yankuna, wanda aka ɗauko da jirgi mai saukar ungulu saboda gajiya ko ɓata, ba rauni ba, ana iya kawo masa takardar kuɗi ta dubban Yuro. Shiga CAI ko ƙungiyar Alpenverein ta Ostiriya yana zuwa da inshorar ceto, kuma ga ɗalibi kuɗin shekara bai kai na kwana ɗaya a masauki ba. Wannan ne amfanin katin a gare ku.

Saura magana ɗaya da ta shafe mu fiye da Turawan da za ku haɗu da su. A mita 2,752 ɗan ciwon kai da barci marar nauyi ba abin mamaki ba ne, ruwa da hutu sukan warware shi. Amma mai sikila, SS ko SC, kada ya sa ƙafa a wannan tafiya sai likitansa ya amince, don ƙarancin iskar shaƙa da sanyi da ƙishirwa su ne ainihin abubuwan da ke tayar da ciwon. Masu AS galibi suna hawa lafiya, sai dai an sha samun waɗanda saifarsu ta toshe a tsayi irin wannan, musamman da wahala da rashin shan ruwa. Alamar ita ce ciwo mai tsanani a saman ciki ta hagu, wani lokaci har kafaɗa, da tashin zuciya. Wanda ya ji haka ba ya jiran safiya: a gaya wa mai masauki, a kira 112, a faɗa wa likita jinsin jininsa tun a jimlar farko. Idan akwai wanda bai san nasa ba a cikinku, ya yi gwajin kafin ku tura kafin alƙalami.